Kayan Da Na Kyautar Suka Dawo

Ban taɓa yin aikin da ya ba ni wuya kamar kwashe ɗakin baya ba. Shekara talatin ina kwanciya ƙarƙashin motocin mutane a Suame, unguwar makanikai, baƙin mai yana ɗiga mini a ido, bayana ya riga ya gaji da ni, amma duk wannan wasa ne. Ɗaki ɗaya, taku huɗu da taku biyar, shi ya kusa sa ni kuka a gaban matata.

Gidanmu gidan haya ne irin na Zongo, unguwar Hausawa da sauran baƙi. Ƙofa goma sha ɗaya suna kallon tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya da ake faɗa a kanta kullum. Ni ke da ɗaki biyu, don tun zamanin mahaifina muke ciki. A na gaba muke kwana ni da matata. Na baya yara ne suka tashi a cikinsa. Da suka girma kowa ya kama gabansa, sai na fara ajiye abubuwa. Ba da yawa ba. Kafireta ɗaya da mai mota ya ce a yar, ni kuwa na ga da sauran rai a jikinta. Sai wani giyabos. Sai lagireto mai yoyo kaɗan. Sai fanka mai fiffike biyu, da talabijin mai ƙaton ƙeya, da kujerar bas ta mutum uku, da rediyon mahaifina wanda ya daina magana tun kafin shi ya daina.

Duk ranar da matata ta ce a fitar da wani abu, amsata ɗaya ce: "Ba nawa ba ne, amana ce." A Zongo wannan maganar tana rufe baki. Kowa ya san mutum yakan zo daga arewa ko daga Nijar, ya bar akwatinsa wurinka ya ce sai ya dawo, kuma ba ka da ikon taɓawa ko shekara nawa zai yi. Mahaifina ya yi wa mutane irin wannan ajiyar. Ni kuwa, tsakani da Allah, ba wanda ya taɓa ba ni ajiyar ko allura. Na dai ga maganar tana aiki, na riƙe ta.

Sai 'yata ta fari ta samu ciki. Cikin fari ne, dole ta dawo gida ta haihu, uwarta ta yi mata wanka har arba'in. Wata Juma'a ta zo gaishe mu, ta wuce kai tsaye ƙofar ɗakin baya ta tura. Ƙofar ta buɗe kamar faɗin tafin hannu, ta bugi wani abu ta tsaya.

"Baba, nan zan kwanta?"

"Za a gyara."

"Tun cikin nan yana wata uku kake cewa za a gyara." Ta dafa ƙugu ta dube ni. "Uwar mijina ta ce in babu wuri in taho wurinta. Har ɗaki ta share mini, ta sa labule."

Da dariya ta faɗa, amma ni ban ji dariya ba. A haifi jikana na fari a gidan wasu, a yi masa wanka a can, a riƙa cewa kakansa ya ba ƙarfe ɗaki ya hana 'yarsa. Ta ce nan da Asabar take son amsa, don surukarta tana jira.

Ranar Asabar ban je aiki ba. Na fara fito da kaya tsakar gida ɗaya bayan ɗaya. Matata ta ɗauko kujerarta ta zauna a inuwa tana tsince wake. Ba ta taya ni ba, kuma ba ta tashi ba. Ita tana kirana Masta, kamar yadda ake kirana a wurin aiki, amma akwai yadda take jan sunan da ba girmamawa ba ce.

"Masta, wannan giyabos ɗin amanar wa ce?"

"Ta wani direba."

"Yana ina?"

"Ya yi tafiya."

"Lagireton fa?"

"Shi ma mai shi ya yi tafiya."

"Ikon Allah. Duk masu ajiyarka matafiya ne, kuma ba mai waya a cikinsu."

Na yi kamar ban ji ba. Abin da ba ta sani ba, duk abin da na ɗaga sai ya tsayar da ni. Na ɗauki wani fistin, na tuna shi ne na farko da na cire da hannuna ina ɗan koyo. Maigidana, wani Ba'asante mai zafin hannu, ya ranƙwashe ni don na daɗe, sannan ya saya mini dokunu, tuwon masaran nan mai tsami, da kifi. Na tsaya riƙe da shi har rana ta bar inda take. Wa zan gaya wa wannan? Ga mai kallo, ƙarfe ne mai tsatsa.

Matata ta ce a kira masu kondem, masu sayen tsohon ƙarfe, su kwashe gaba ɗaya. Na ce a'a. Na san aikinsu, guduma suke sa wa abu ba su tambayi tarihinsa ba. Sai dabara ta zo mini, har na ji daɗin kaina. Zan kyautar wa maƙwabta. Ɗaki ya samu sarari, ni na samu lada, kayana kuma suna nan cikin gida ina ganinsu.

Telan da ke ƙofa ta uku na ba shi fanka. Mai koko na ba ta kujerar bas, masu sayen kokonta su riƙa zama. Malamin da ke kusa da famfo na ba shi talabijin. Tsohon mai gadi, mutumin Nijar, na ba shi rediyon mahaifina, don sun yi zama tare. Har giyabos na samu wanda ya karɓa, wani mai sayar da takalma da bai san gabansa da bayansa ba. Aka yi ta sa mini albarka. Kafin la'asar ina iya tsayawa a tsakiyar ɗakin in miƙe hannu biyu. Na fito ina kaɗe riga, na dubi matata.

"Kin gani? Ba guduma, ba hayaniya."

Ta ce, "Na gani," ta ci gaba da wakenta.

Ina alwalar magariba tela ya yi sallama, rungume da fanka.

"Masta, na gode ƙwarai, Allah ya saka. Amma ka san ɗakina, keke ne da katifa, ni kaina a karkace nake shiga. Ka ajiye mini ita wurinka har in samu wuri."

Me zan ce? Maƙwabci ya roƙi ajiya. Na karɓa. Ban gama sa ta ciki ba mai koko ta aiko a gaya mini ruwa zai lalata kujerar a waje, in taimaka in sa mata a ɗakin nan nawa da ya samu fili. Malam ya kawo talabijin da kansa, ya ce na ɗan lokaci ne. Mai takalma ya gangaro da giyabos yana haki. Na ƙarshe tsohon mai gadi ne, ya miƙo rediyo da hannu biyu, ya ce abu mai daraja irin wannan ya fi aminci a hannuna.

Komai ya koma inda yake. Bambancin kawai, yanzu ba nawa ba ne.

Matata ta ajiye faranti ta yi dariya har tana share ido da bakin zane.

"Masta, Allah ya ji ka. Shekara goma kana cewa amana ce, yau ga ta ta zama amana."

Na zauna a bakin ƙofa kamar an sace mini iska. Da ta gama dariyarta sai ta ɗauko gawayi daga murhu, ta matsa ta shiga ɗakin, ta fara jan layi a siminti. Inda kaya suka tare ta, ta ja a kansu. Ta zana faɗin katifa, ta zana wurin bokiti, ta zana 'yar hanya zuwa ƙofa.

"Ban ce ka zubar da rayuwarka ba. Cikin layin nan kawai nake so. Kai damuwarka, kana son ka bayar kuma ka tashi da safe ka gaishe su."

Muna cikin haka waya ta yi ƙara. 'Yata ce.

"Baba, me zan gaya wa uwar mijina?"

Na dubi layin gawayin. Ya bi ta kan giyabos, ya raba kujerar bas biyu.

"Ki ce mata mun gode, Allah ya bar zumunci. Muna da ɗaki."

"Baba, ka tabbata?"

"Na ce muna da ɗaki."

Washegari da na dawo daga sallar asuba ban zauna ba. Na ɗauki fanka na dire a ƙofar tela, na ƙwanƙwasa.

"Ga amanarka, na sauke."

"Haba Masta, ina zan sa ta?"

"Ni ma inda zan sa jikana nake nema."

Haka na bi su ɗaya ɗaya, kujera, talabijin, giyabos. A ƙofar tsohon mai gadi na daɗe a tsaye kafin in ajiye rediyon, amma na ajiye. Sannan na fita bakin titi na tsayar da aboboya, babur ɗin kaya mai ƙafa uku, muka loda ƙarafan da suka rage, na hau gaba kusa da direba don kada in riƙa waiwaye. A Akwatia Line, matattarar masu kondem, na sauke musu, na juya tun kafin su ɗaga guduma.

Da na shigo gida matata ta dubi aljihun rigata da ya rinjaya gefe ɗaya. Ta kauce ta ba ni hanya. Na wuce ɗakin baya, na tura ƙofar har ta taɓa bango, na ciro fistin ɗin nan daga aljihu na tokare ta da shi. Sannan na ɗauki tsintsiya na fara shara daga cikin layin.