Furen Hanon Goggo

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, a sashen da muke nazarin magungunan da ake samu daga tsirrai, aka ce kowa ya zaɓi itace ɗaya ya yi bincike a kansa. Ban yi dogon tunani ba na rubuta hano. Bishiyar hano guda ɗaya ce a ƙauyenmu da ke tsakanin Bagwai da Shanono, tana kan wani ɗan tudu mai duwatsu a ƙarshen gonar Baba, inda garma ba ta shiga. A wajenmu gona manne take da gona, babu daji, kowace bishiya da mai ita. Wannan kuwa kowa ya san ta Goggo ce, yayar Baba, domin ita ta san yadda ake ɗibar magani a jikinta.

Fatar hano sirara ce, tana saɓulewa kamar takarda. Ina ƙarama nakan ɓare ta in riƙa zane da gawayi, in ce wasiƙa nake rubuta wa tsuntsaye. Goggo kuma tana gefe da 'yar wuƙarta. Sai ta yi bismillah, ta sassaƙi ɓawo daidai faɗin tafin hannunta, a gefe ɗaya kawai, sannan ta kwaɓa ƙasa ta shafe wurin kamar mai ɗaure wa yaro ciwo. Wata shekarar sai ta koma ɗaya gefen. Da wannan ɓawon take yi wa mutane jiƙo na ciwon ciki da na zazzaɓi. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, don haka ba ta taɓa kirana da komai ba sai Uwata.

Ƙa'idar sashenmu ita ce, kafin a bar ɗalibi ya shiga ɗakin gwaji, sai ya kai samfurin itacensa ɗakin adana tsirrai, an tabbatar shi ne, an ba shi lamba. Ba lamba, ba bincike, ba kuma kammalawa a wannan shekarar. Mai kula da ɗakin wani dattijo ne mai farin gemu da muke kira Malam. Na kai masa ganyen da na tsinko tun damina, na busar a tsakanin takardu. Ya ɗaga shi sama ya duba, ya shinshina.

"Hano ne, na sani, ke ma kin sani," in ji shi. "Amma wanda zai buɗe wannan durowar bayan ba ni ba ke, da me zai sani? Kawo mini fure, 'yata."

Hano kuwa ba ya fure sai tsakiyar rani, bayan ya zubar da ganyensa kaf, kuma furen ba ya daɗewa.

Shekarun tsada ne lokacin. Kuɗin mota daga Kano zuwa gida ya kai matsayin da nakan yi zango guda ban je ba. A ɗakin kwananmu mu huɗu tukunya ɗaya muke ɗorawa. Don haka da lokacin furen ya yi, sai na kira wayar Baba na ce ya miƙa wa Goggo. Ita idan tana waya ɗaga murya take yi kamar mai kiran wani daga ƙarshen gona.

"Goggo, reshe nake so ɗan ƙarami, mai fure. A sa shi tsakanin kwali biyu a ba direba."

"Fure? Me za a yi da fure?"

"Malaminmu ne yake so ya gani."

"Ba shi da lafiya ne?"

"Lafiyarsa ƙalau. Gani kawai zai yi."

"To, na ji, Uwata."

Bayan kwana huɗu na je tasha na karɓi saƙo daga hannun direban motar Bagwai. Ƙunshi ne a cikin tsohon ɗankwali, an ɗaure shi tam. Nauyinsa ya ɗan ba ni mamaki, amma murna ta hana ni buɗewa. Kai tsaye na wuce wajen Malam, na kwance a kan teburinsa. Gwangwanin madara ne cike da gari ja-ja, lukui, an tankaɗe shi da rariya mai laushi.

Malam ya lakata da yatsa ya ɗanɗana. Na ga gemunsa yana rawa.

"Akwai kanwa," ya ce. Ya sake ɗanɗanawa. "Da kimba. Wannan hannu ya san aikinsa. Wa ya haɗa?"

"Goggona ce."

"Allah ya yi mata albarka. To ina zan manna wannan a takarda?"

Na tsaya ina kallon gwangwanin, hawaye na neman zubowa, dariya kuma na neman ƙwacewa. A raina na hango Goggo zaune a gindin turmi da gwiwarta mai ciwo, tana daka tana tankaɗe. A wurinta abin kunya ne a aika wa babban malami na birni ɗanyen reshe, kamar a ba baƙo tsabar gero a ce ya ci. Ta ji abin da na faɗa sarai. Gani ta yi yarinya ce ni, ban san abin da ya dace ba, sai ta rufa mini asiri.

Da na sake kiran gida, Baba bai miƙa mata wayar ba. Ya ce, "In furen kike so, ki taho da kanki, kuma kada ki wuce wannan satin. Bishiyar nan ba za ta ga wata shekara ba."

Tun da maganin kemis ya fi ƙarfin mutane, in ji shi, kowa ya koma wa itatuwa. Mutane daga ƙauyukan da ba mu ma sani ba suna zuwa da gatari da buhu. Ba mugunta ba ce, kowa da majinyaci ya baro a gida. Amma ba su san faɗin tafin hannu ba. Sun kewaye gindin, sun feɗe shi tas. Garin da Goggo ta aiko mini ma daga ajiyarta ta bara ta ɗiba, wadda take tattalawa a cikin tulu.

Ɗaya daga cikin 'yan ɗakinmu ta taimaka mini da kuɗin mota, Malam kuma ya ba ni tsofaffin jaridu da katako biyu da zan matse furen a tsakaninsu. Gwangwanin ya ce in bar shi a nan, zai ajiye mini.

Na isa gida da hantsi. Goggo na zaune a inuwar rumbu tana tsinkar zogale. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Ya sha?"

"Goggo, ba sha zai yi ba. Fure yake so."

"Wane irin malami ne wannan? An ba shi tuwo ya ce shi kara yake so ya gani." Ta juya wajen Baba. "Kai ka ce a kai ta makaranta. Shekara huɗu, ga shi ta dawo tana neman abin da 'yan mata ke sawa a kai."

Baba ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai ke ce kika fara koya mata."

"Ni ɓawo na koya mata."

Duk da haka ita ta fara tashi. Ta ɗauki sandarta, Baba ya saɓa doguwar gora mai ƙugiya, wadda ake kakkaɓo wa awaki 'ya'yan gawo da ita, muka bi ta cikin gonaki da ba komai sai kututturen dawa.

Tun daga nesa na ga gindin ya yi fari fat, tsirara, daga ƙasa har iya inda hannun mutum yake kaiwa. Ƙaro ya zubo ya daskare a jikinsa. Yawancin rassan sun bushe. Amma can sama, ta wajen gabas, reshe ɗaya ya ɗauki fure, ƙanana farare, kuma ƙamshinsu ya sauko har inda muke. Ban taɓa lura hano yana da wannan ƙamshin ba. Duk zuwan da nake yi ina yarinya, ƙasa nake kallo.

Baba ya ɗaga gorar, ƙugiyar na taɓa reshen sai furanni suka fara zubowa.

"Tsaya, kai ba ka da hankali," in ji Goggo. "Ba gawo ba ne." Ta cire mayafinta ta ba ni gefe ɗaya, ta riƙe ɗaya, muka shimfiɗa shi a iska a ƙarƙashin reshen. "Yanzu ja, a hankali. Ka yi bismillah?"

"Na yi."

"Ban ji ba."

Ya sake yi da ƙarfi. Reshen ya karye ya faɗo cikin mayafin, da sauran furanni masu yawa a jikinsa. A nan gindin bishiyar na durƙusa na yanki tsinke uku masu kyau, na shimfiɗa su a jarida ina gyara kowane fure da tsinken tsintsiya don ya buɗe fuskarsa. Goggo ta sunkuyo tana kallo, har numfashinta na taɓa kunnena.

"Haka za su zauna?"

"Haka. Ko bayan shekara ɗari aka buɗe, za a gan su."

Ta sa yatsa ta gyara wani da ya karkace. Sannan ta ɗauki sauran reshen, mai kaurin damtse, ta riƙe shi har gida. Hano yana kamawa idan an kafa reshensa, shi ya sa a da ake shinge da shi. Ta sa Baba ya haƙa rami a bayan ɗakinta, cikin gida, inda ba mai shigowa da gatari. Katakona kuwa ta ce igiyar da na ɗaure shi da ita wasa ce, ta sa aka ɗora masa dutsen niƙa.

Bayan kwana biyu na koma Kano, ina canza jaridun kullum har furannin suka bushe. Malam ya duba su da gilashinsa, ya manna su kusa da ganyen damina, ya rubuta lamba a kusurwa. Akwai layin da ake sa sunan wanda ya tsinko. Na ce ya rubuta na Goggo, ya rubuta ba tare da ya tambaye ni dalili ba. Sannan ya jawo durowa ya fito da gwangwanin madara. Babu komai a ciki.

"Cikina ya dame ni kwanakin baya," ya ce, yana kallon wani wajen. "In kin je gida ki gaishe ta. Ko da ɗan kaɗan ne."

Bishiyar tudu ba ta yi ganye ba da damina ta zo. Ni kuma na shiga ɗakin gwaji, na gama aikina, na dawo gida ana noma na biyu, da gwangwanin a jakata. Na miƙa wa Goggo tare da saƙon Malam. Ta jijjiga shi ta ji wayam, fuskarta ta washe.

"Ashe ya sha. Ba na faɗa miki ba shi da lafiya ba?"

Ta ja hannuna zuwa bayan ɗaki. Reshen nan ya fitar da ganye biyar, ƙanana, an kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Ta auna kaurinsa da tafin hannunta, ta girgiza kai.

"Ki ce masa ya yi haƙuri, Uwata. Ya dawo nan da shekara bakwai. In ba na nan, ke kin san inda ake yanka."