Ɗakin Iya da Lungun Ruwa

Ranar wata Juma'a ce a tsakiyar damina, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare. An tashe mu da wuri saboda masallaci da kasuwa, muna tafe ni da ƙawayena muna ta cacar baki a kan wani guntun alli, sai ga yayana Sale a guje, takalmi a hannu, yana ihu wai kogi ya fito. Wa ya ƙara bi ta kan alli? Muka zuba a guje sai bakin fadama. Kai, ban taɓa ganin ruwa irin na ranar ba! Jajawur da shi, ya shanye shinkafa, ya shanye rake sai ganyen sama, bishiyoyin mangwaro tsaye a cikinsa, masunta suna ratsa gonakin mutane da kwale-kwale suna yi wa juna tsiya. Tsoro ya kama ni, na juyo gida ina haki, na tarar da Iya, kakata ta wajen uba, a bakin ɗakinta tana tsintar wake. Na ce mata kogi ya fito, zai cinye mu. Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "To, sannunsa da zuwa. Ai yana da wurin kwana." Ta miƙo mini faifai ta ce in zauna in taya ta.

Ɗakin da take zaune a bakinsa shi ne mafi tsufa a gidanmu na Wudil, shi ne kuma a gangare, can ƙuryar gida. Na ƙasa ne, rufin azara, sanyi ƙalau ko da ana zafin bazara. Kakanmu, wanda ya rasu kafin a haife ni, shi ya gina mata da hannunsa, da ƙasar da ya haƙo daga kududdufin bayan gida. Daga ciki, a saman ƙofa, akwai shatin yatsunsa a jikin yaɓe. Duk shekara ana sake wa ɗakin yaɓe, amma wurin nan Iya ba ta yarda a taɓa ba. Babanmu ya gina mata ɗakin bulo mai rufin kwano a gaba, ya yi lallashi har ya gaji. Ina! Ta ce ita ba masara ba ce da za a gasa ta. Abin da take faɗa kullum, har muka haddace muna kwaikwayonta a bayan ido, shi ne: "Nan aka kawo ni da lalle, nan za a fitar da ni a makara." Iyakar abin da take roƙo ke nan a duniya.

Abin da ya tsare mata ɗakin duk tsawon shekarun nan wani ɗan lungu ne tsakanin katangarmu da ta maƙwabta. Ba mai gini a kansa, ba mai ɗaure akuya a ciki. Ruwan indararo da na tsakar gidajen layinmu ta rariya yake fita ya bi lungun ya faɗa kududdufi, in kududdufin ya cika ya malala ta wani kwari zuwa fadama. In kuma kogi ne ya taso, fadama ta ɗauka, ragowar ya hauro ta kwarin ya tsaya a kududdufi, daga nan bai taɓa ƙara gaba ba. Don haka da an ga shamuwa ta sauka a kan kuka, Iya za ta ɗauki sandarta ta bi gida-gida tana cewa lokacin sharar lungu ya yi. Maza su fito da shebur da fartanya su yashe kwari, mu yara mu kwashe duk tarkacen da rani ya tara. Wallahi na tsani aikin nan. Ga ƙaya, ga kunama, ga Iya a tsaye a kanka tana nuna abin da ka tsallake da bakin sanda. Ni ce sarkin ƙunƙuni, har ta laƙaba mini Uwar Mita. Amma in an gama takan juye mana ɗanwake a babban akushi, mu yi ta wawaso har da 'ya'yan da ba su ɗaga tsinke ba.

Kududdufin kuwa shi ne duniyarmu. A bakinsa muke ɗiban yumɓu mu gina 'yan tukwane mu shanya a kan katanga, mu yi carafke da tsakuwoyin da ruwa ya wanke. Su Sale suna kamun tarwaɗa da tsohon kwando idan ruwa ya fara ja, su dawo duƙun-duƙun a zane su, gobe su koma. Agwagin unguwa a nan suke wuni. Kwaɗi kuwa in suka ɓarke da kuka bayan ruwan sama, sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji. Ba zan ce wurin tsaf yake ba, sauro ya sha jininmu, zazzaɓi ya kwantar da mu. Mu dai ba mu san yana yi mana wani aiki ba.

Sannan gari ya fara buɗewa. Jami'a ta zo, baƙi suka zo, bakin titi ya cika da shaguna da gidajen mai. Ba zan yi butulci ba: a jami'ar nan na yi karatu, Sale kuma a nan ya samu aiki. Amma kowa yana neman wurin zama, sai ido ya koma kan duk wani fili. Aka fara zuba bola a kududdufi, daga baya tifa ta riƙa juye ƙasa, kafin mu ankara an yanka fuloti. Kwarin ma aka gine shi, bakin fadama ya cika da bulo, ƙasar da take shan ruwa aka shafe ta da siminti. Gidan da ya tsaya daidai ƙarshen lungunmu, wata ma'aikaciyar jami'a ce ta kama haya a ciki, Kirista daga kudancin Kaduna, muna ce mata Maman Bitrus. Baiwar Allah ba ta ma san akwai kududdufi a wurin ba sai da Iya ta ce mata, "'Yar nan, a kan gidan kwaɗi fa kike kwana." Ta yi dariya har da hawaye. Daga ranar suka ƙulla, ita ta kawo wa Iya man zafi, Iya ta aika mata daddawa. Sharar lungu kuwa Iya ba ta fasa ba, ko da yake masu fitowa sun ragu, lungun kuma a jikin katanga yake ƙarewa.

Ina ajin ƙarshe a sakandare abin ya faru. An kwana biyu ana ruwa, da hantsi aka ce kogi ya fito. Wannan karon ba wanda ya ruga kallo, shi ya zo ya same mu. Ruwan sama ya bi lungu ya tarar da katanga ya juyo, na kogi ya biyo titi ya shigo ta zaure. Maza duk suna waje suna tare ƙofa da buhunan yashi. Iya ta hau gadonta ta naɗe ƙafa, ruwa yana lasar ƙafar gadon, na yi kuka na yi magiya ta ce ba inda za ta. Sai ga Maman Bitrus, zani ɗaure a ƙugu, ta baro nata kayan suna yawo a ruwa. Ta durƙusa a cikin ruwan ta ce, "Mama, in ba ki fita ba ni ma ba zan fita ba, sai dai ya faɗo mana tare." Iya ta daɗe tana kallon saman ƙofa. Sannan ta miƙa hannu, Maman Bitrus ta goya ta. Ba mu kai ga zaure ba muka ji ƙarar azara. Da na waiga, ɗakin ya durƙushe.

Iya ta koma ɗakin bulon da ta ƙi shekara da shekaru. Ba ta yi kuka a gabanmu ba, ba ta zagi kowa ba, sai dai tsokanar nan tata ta tafi, ko Uwar Mita ta daina ce mini. Da bazara ta kwanta ciwo. Wata rana da la'asar ina yi mata fifita, ta buɗe ido ta ce, "Shamuwa ta zo?" Na ce ta zo. Ta ce, "An share lungu?" Na ajiye maficin, na ɗauki tsintsiya na fita ni kaɗai, na share shi tas tun daga rariyarmu har jikin katangar, ina yi ina kuka. Na dawo na ce mata an share. Ta ce madalla. Kafin ruwan farko ya sauka aka fitar da ita a makara, daga ɗakin da ba nata ba. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Yanzu a Kano nake aure, a unguwar da tsofaffi ke cewa da can fadama ce, kuma duk damina muna ɗora katifu a kan tebur. A da in an ce kogi ya fito, yara gudu suke su je kallo. 'Ya'yana kuwa da sun ji tsawa sai su fara tattara takalma. In na je Wudil da bazara nakan ɗauki tsintsiya in shiga lungun nan, matan gidan suna leƙe suna cewa Anti ta fara. Na san ba inda zai kai ruwa. Kogin bai sake hali ba, yana nan yana zuwa kamar yadda ya saba. Wurin kwanansa ne muka gine.