Zanen Madam Ladi a Mabugarmu

Har yau ban manta ranar da Madam Ladi ta kawo zanen mahaifiyarta mabugarmu ta bayan kasuwar Wuse ba. Ga wanda bai san aikin ba, mu masu bugu ne. Ana kawo mana shadda bayan an wanke an sa sitaci, mu yayyafa mata ruwa, mu ninke a kan gungume, mutum biyu su yi ta dukanta da guduma har ta yi ƙyalli. Oga Sale ne mai wurin, ni ke karɓar kaya ina kai wa masu su.

Madam Ladi ma'aikaciyar jinya ce, Bagwariya daga wajen Bwari. Zanen saƙar hannu ne, rinin baba mai ratsin fari. Ta ce kakarta ce ta kaɗa zaren, mahaifiyarta ta ɗaura shi ranar aurenta, yanzu kuma 'yar Madam ɗin za ta ɗaura shi ranar nata auren, Asabar mai zuwa.

"Oga, a hankali fa. Wannan ya girme ka."

Oga Sale ya yi dariya. "Madam, mun bugi shaddar manyan ƙasar nan. Sai kin ga fuskarki a jikinsa."

Ba mugunta ya yi ba. Dukkanmu a kan shaddar kamfani muka koyi bugu, ita kuwa ƙarfi take so. Baba Iro, wanda ya taso a mabugar garin Kura ta Kano, shi kaɗai ya san hannun da ake saukar wa tsohon saƙi, kuma ciwon kafaɗa ya mayar da shi gida tun da azumi. Aka ninke zanen kamar shadda, aka hau shi da guduma. Da aka warware, duk inda ninki ya bi zaren ya tsinke, kamar an bi da reza.

Oga ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce mini, "Hamisu, shiga mota ka tafi Bwari. Nemo wanda ya iya wannan saƙar."

Na wuni ina tambaya ƙauye ƙauye. A ƙarshe aka kai ni wurin wani tsohon masaƙi da idonsa ya tafi. Ya shafa zanen, ya shinshina.

"Irin na babana ne. Ina za ka samu zaren?"

Na ce ko a kasuwa.

"Na kasuwa zai yanka wannan. Sai na mazari. Matan da ke kaɗi sun mutu, gonar audugar kuma gidaje ne yanzu. Itacen masaƙata ma jikokina sun dafa tuwo da shi."

Ranar Juma'a Madam Ladi ta zo. Oga ya cire hula yana ba ta haƙuri, ya ce zai saya mata leshi kowane iri take so. Ba ta yi faɗa ba. Ta ninke zanen a hankali, tana kauce wa wuraren da suka tsage.

"Ni na kawo da hannuna," ta ce, ta fita.

Ku yaran da kuke koyon aiki, abin da na ɗauka shi ne, ba kowane kaya ake samun madadinsa a kasuwa ba. Idan saƙar hannu ta shigo, ku ajiye guduma, ku gaya wa mai ita gaskiya: wanda ya iya bugunta ba ya nan, wanda zai gyara ta ma babu.