Sun Ƙona Allon Ƙwallon Bashir

Jama'a, yau an ƙona allon Bashir a gabana.

Kun san ɗana Bashir, wanda zazzaɓi ya ɗauke bayan mun gudo daga garin Dindir. Ya bar katunan 'yan ƙwallo da ya yanka daga kwalin shayi, da zanen filin da bai gama ba. Na ce zan ƙarasa wa ƙannensa. Na samu murfin akwati, na zana raga biyu da kibiyoyi da ƙusa mai zafi, yadda ya faro.

A shingen hanyar garin Suki wani cikin masu bindigar da ke tsare wurin ya zaro allon daga buhuna.

Ya ce da Larabci, "Ya zol, kai mutumin nan, taswirar sansaninmu ce wannan?"

Na ce wasan yara ne.

Babbansu ya ce, "To Baba, zauna ka buga mu gani."

Na jera katunan. Na rasa ta inda zan fara. Bashir kaɗai ya san dokar wasan, ban taɓa tambayarsa ba.

Suka jefa komai cikin wutar shayinsu, suka ce in wuce.

Katin mai tsaron raga kaɗai ya rage a aljihuna. Yaran suna jirana a gida. Ni ina nan zaune bakin kogi, na kasa tashi.