Abin da Malam Auwal Mai Tantabara Ya Gani

Malam Auwal Bahago baduku ne a Ƙofar Kibo. Tun yana saurayi yake ɗinka gafaka da kube, amma da tantabara aka fi saninsa. Yana da kusan tamanin a saman soron gidansu, kuma duk la'asar yana can yana kallon shawaginsu. Shekara talatin yana duban samaniyar Zariya. Ya san ƙarar ƙananan jiragen masu koyon tuƙi, yana gane shaho tun yana ɗan ɗigo.

Wata Laraba cikin damina, tantabarun suka zubo gaba ɗaya suka ƙi tashi. Ya ɗaga kai. Wani abu ne tsaye cak a sama saitin ganuwa, zagayayye kamar faifai, ruwan toka, ba fiffike, ba ƙara. Ya yi kamar minti uku, sannan ya yi gabas da gudun da ido ba ya iya bi. Maƙwabcinsa Bashir tela ya gani, matan da ke shanya a gidaje uku ma sun gani. Aka yi ta zancen a unguwa, har wani ya ɗauki muryar Malam Auwal a waya ya watsa.

Ran Asabar sojoji suka zo. Motarsu ba ta shiga lungun ba, sai suka tako da ƙafa. Kyaftin ɗin da ya jagorance su mai ladabi ne, ya bi gida-gida yana tambaya. Bashir ya ce shi yana kan keken ɗinki, bai ɗaga kai ba. Mazan gidajen uku suka amsa a madadin matansu cewa ba wanda ya ga komai. Saura Malam Auwal, shi kuwa ya faɗi abin da ya gani yadda ya faɗa wa kowa.

"Baba, za ka zo ka maimaita mana a ofis," in ji kyaftin. "Awa ɗaya ce."

Kwana goma sha tara ya yi. Ba a dake shi ba, ya sha faɗin haka. Tambaya ce iri ɗaya safe da yamma: wa ya turo ka, me kake yi kullum a saman soro, wa tantabarun ke kai wa saƙo? Aka kwashe tsuntsayen cikin buhuna, wai za a bincika ƙafafunsu. A ƙarshe aka karanta masa takarda da Turanci aka fassara, cewa balan-balan ɗin auna yanayi ya gani. Ya dangwala hannu, don ya ji matarsa Maijidda tana zuwa ƙofar bariki kullum da ƙafarta mai ciwo.

Tantabara bakwai aka dawo masa da su. Bashir ne ya fara kiransa Auwalu Balan-balan, wai wasa, sunan kuma ya bi shi. Masu sayen gafaka suka ja baya, ba mai son a gan shi a zauren mutumin da soja suka taɓa ɗauka. Ya rabar da tsuntsayen da suka rage, ya daina hawa soro.

Bara, shekara shida bayan haka, wani mutum cikin farar shadda ya yi sallama a zauren. Kyaftin ɗin ne, ya yi ritaya. Ya zauna a tabarma ya daɗe yana kame-kame, sannan ya ce ranar Larabar nan shi ma yana filin fareti da mutum arba'in. Duk sun gani. An hana su faɗa.

"Ina so in ji yadda ka gan shi daga nan, Baba. Abin ya ƙi barin raina."

Malam Auwal bai ajiye basillarsa ba.

"Ka gani da idonka, ka tsare ni kwana goma sha tara."

"Umarni aka ba ni, Baba."

"To, ni ba ni da abin faɗi. Ka gaida gida."

Ya ci gaba da ɗinki har aka kira azahar. Da Maijidda ta tambaye shi wane ne baƙon, ya ce wani ne ya yi ɓatan hanya.