Kurege Mai Keke da Gidan Tururuwa

Kakata ba ta kiran sunan mahaifina. Shi ne ɗanta na fari, kuma a gidanmu na Adabka kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ba ta zama inda yake zaune, ba ta yi masa magana baki da baki, in ta ƙure sai ta ce "wancan". Idan dangarta ta faɗi, ni za ta kira ta faɗa wa da ƙarfi, alhali Baba yana tsaye kusa yana jin komai. Mu yara abin dariya yake ba mu. Su kuwa ko a jikinsu.

Bayan girbi, in sanyi ya fara sauka, a ƙofar ɗakinta muke taruwa da zarar an idar da sallar isha'i. Takan hura wuta da karan dawa, ta binne mana dankali a toka, ta ce duk wanda ya yi gyangyaɗi ya yafe rabonsa. Ni da ƙanena Sanusi kullum muna gaba, 'ya'yan maƙwabta na bayanmu, Inna tana gefe tana ɓarar gyaɗa. Baba kuwa yana bayan zana a kan tabarmarsa, da tsohuwar rediyonsa da ba ta magana sai an buge ta. Bai taɓa nuna yana jin tatsuniya ba, shi labaran duniya yake saurare.

Wata shekara, ina firamare, gero ya yi kyau har tsohon rumbunmu ya kasa ɗauka. Dammuna jibge a tsakar gida, awaki sai kewaya su suke yi. Baba ya yanke shawarar gina sabon rumbu na ƙasa, ya zaɓi wani fili bayan madafa, sumul kamar daɓe, ko tsinken ciyawa babu. Dalilin tsabtarsa kowa ya sani, tsohon gidan tururuwa ne, su suka share shi. Baba ya zuba musu toka mai zafi, ya toshe ramukan, ya daddaka wurin da taɓarya. Tururuwa suka kwashe ƙwayayensu suka yi gaba. Ya jera duwatsun da rumbu zai hau, ya ce magini zai zo da safe.

Inna ta yi masa magana, ya ce ai masu gidan sun tashi. Da yamma Kaka ta je kora kajinta, ta tsaya ta daɗe tana duban duwatsun nan, ta dawo tana girgiza kai. Abincinmu na shekara ne za a ɗora a wurin. Ga shi wadda ta isa ta hana shi ita ce ba ta iya zaunar da shi ta faɗa masa.

Da muka taru ranar, Kaka ta juya tabarmarta ta fuskanci zana, abin da ba ta saba ba. Ta buɗe yadda take buɗewa kullum:

"Ga baƙuwa bakin ƙohwa, a buɗe mata?"

Muka ce, "A buɗe mata!"

Wai Kurege ne ya yi noma Allah ya ba shi hatsi, ya rasa inda zai sa. Sai ya hau kekensa yana neman wurin rumbu. Nan Sanusi ya tare ta.

"Kaka, Kurege na da keke?"

"Wanga shina da shi," in ji ta. "Sirdin ma da roba aka ɗaure shi. Har rediyo gare shi, mai tari."

Inna ta sunkuyar da kai cikin kwaryar gyaɗa, kafaɗunta suna rawa. Keken Baba ke nan, babu ko tantama. Ni dai na toshe bakina da zane.

Kurege ya iske fili sharre tas, ya ce lalle shi aka share wa. Da ya ga tururuwa na shige da fice, ya ɗebo toka ya kore su, ya toshe ƙofofinsu, ya yi tsalle a kai ya ji tauri. Tsohuwar tururuwa tana tafe a ƙarshen ayari da kayanta a ka, sai ta waiwayo. A nan Kaka ta ƙanƙance murya, amma ta ɗaga ta yadda ko a zaure za a ji:

"Kai Kurege, mu kak kora. Ramin hwa, wa yak kore shi? Tun kakanninmu muke huje ƙasag ga, ɗaki bisa ɗaki, hanya bisa hanya. Duk ƙasar da kag gani mun tara waje, daga ciki munka hiddo ta. Sama daɓe na, ƙasa rariya ta."

Kurege ya ce ƙwaron da bai kai ƙwayar gero ba ba zai koya masa gini ba. Ya gina rumbunsa, ya cika shi har wuya. Tururuwa suka koma gindin wata geza suka zauna suna waƙa, mu kuma muna amshi da tafi:

"Sama sumul, ƙasa kogo,
Ɗora Kurege, muna nan jira."

Rani ya wuce lafiya, Kurege yana ta taƙama. Da damina ta faɗi, ruwa bai tsaya a sama ba, ya bi tsofaffin hanyoyin tururuwa ya gangara ciki, ɗakunan suka jiƙe suka rufta ɗaya bayan ɗaya. Dutse guda ya nutse. Rumbu ya karkace kamar tsoho mai neman allura a ƙasa, sannan ya kife cikin taɓo. Tururuwa suka dawo a jere, kowa da ƙwayarsa a baki, suna yi wa Kurege sannu da aiki.

Muka yi ta dariya har Sanusi ya kusa faɗawa wuta. Sai da muka lafa na lura rediyon Baba ta yi shiru, kuma ba a ji ƙarar bugu ba. Kaka ta tono dankali ta rarraba mana, ta ce baƙuwa ta tafi gida, a rufe ƙofa.

Da safe, kafin magini ya iso, na ga Baba a filin da dagi a hannu. Ya caka sau ɗaya, ɓawon sama ya fashe. Da ya sake cakawa sai dagin ya zurma har kusan rabinsa, kamar an soka tsinke a tuwo. Ya tsaya yana duban ramin. Sannan ya shiga kwashe duwatsun yana kai su can kusa da tsohon rumbu, inda ƙasa take jangargari. Ranar kasuwar Bukkuyum ya dawo da goro fari manya, ya miƙo mini ya ce, "Kai ma tsohuwa." Kaka ta karɓa, ta jujjuya shi, ta ce, "Ashe Kurege na da kunne."

Da damina wurin ya lotsa, ya zama ɗan kwari. Kaka ta jefa 'ya'yan kabewa a bakinsa, inda tururuwa suka shekara suna zubar da ƙaiƙayi da lallausar ƙasa. Kabewar nan ta yi yaɗo har kan madafa, muka sha miyar taushe har muka gaji, maƙwabta ma suka samu. Geronmu kuwa ya kai mu wata kakar lafiya lau.

Na daɗe ina ɗauka darasin tatsuniyar shi ne a duba ƙasa kafin a ɗora mata nauyi, kuma gaskiya ne, har yau in na ga fili ya cika tsabta sai na nemi ramin tururuwa. Sauran darasin sai da na girma na same shi. Bayan rasuwar Kaka, Baba ya zo duba ni a Gummi inda nake aure, ya tarar ina yi wa yarana tatsuniyar Kurege, har da keken. Ya zauna ya ji ta har ƙarshe, wannan karon ba zana a tsakani. Na zolaye shi na ce ko ya san mai keken. Ya yi dariya har da share ido.

"Na san shi," in ji Baba. "Kuna ta dariya, ni kau ina roƙon Allah kada ta ƙare. Tun da nit tashi, ran nan kaɗai Innata ta taɓa yi min hira."