Shekara Dubu a Tafin Hannun Safiatou

Duk macen da ta taɓa zama a gaban Safiatou don a yi mata lalle ta san abu biyu: hannunta ba ya rawa, bakinta kuma ba shi da linzami. 'Yar Damagaram ce, gajera, mai wushirya. Tana aiki a wani shagon kwalliyar mata a unguwar International City ta birnin Dubai, a ƙasan ɗaya daga cikin benayen nan masu kama da juna, waɗanda baƙo kan yi ta zagayawa yana neman ƙofar da ya fito. Larabawa na zuwa wurinta, 'yan Indiya na zuwa, matan Kano da na Yamai kuwa ba a magana. In kika motsa hannu kafin lalle ya bushe, za ki sha faɗa ko da mijinki ne mai benen.

Mijinta Nafiou yana aiki a wani kamfanin dakon kaya a Jebel Ali. Mutum ne mai sanyi, wanda in an taka shi, shi ke cewa a yi haƙuri. Mutane kan ce Allah ya haɗa wuta da ruwa a ɗaki ɗaya.

Abin da ba a faɗa a gabanta shi ne wabi take yi, wato tana haihuwa 'ya'yan suna komawa. Ɗanta na fari ya rasu a Damagaram kafin ya iya zama. Ta biyu a nan Dubai aka haife ta, a nan aka binne ta, a maƙabartar Al Qusais, ko haƙori ba ta fara ba. Tun daga lokacin, in mota ta bi da Safiatou ta wannan unguwa sai ta sunkuyar da kai har a wuce. Da ciki na uku ya fito, mata suka soma yi mata kallon nan na tausayi, wanda ta fi tsana a kan zagi.

Cikin ya tsufa lokacin da wata 'yar Japan ta shigo shagon. Sunanta Chitose, tana aiki a ofishin jiragen ruwa a Jebel Ali, an gayyace ta bikin wata abokiyar aikinta aka ce lallai sai da lalle. Da aka gama furanni, sai ta roƙi a rubuta mata sunanta a wuyan hannu. Ta buɗe waya ta nuna haruffa biyu: 千歳.

Safiatou ta ƙura musu ido. Na farko zane uku ne kacal, kamar sanda da aka ɗora wa hula a karkace. Na biyun kuwa a cunkushe yake kamar saƙar faifai.

"Ni ba na zana abin da ban san ma'anarsa ba," in ji ta da guntun Ingilishinta na kasuwa. "Kada in rubuta zagi a jikin mutum."

Chitose ta yi dariya. Ta taɓa na farko ta ce dubu ne. Ta taɓa na biyu ta ce shekara. Ta bayyana mata cewa a ƙasarsu kowane harafi irin wannan da ma'anarsa, kuma iyaye ba daɗin suna a kunne kaɗai suke dubawa ba, zama suke yi su zaɓi haruffan da za a rubuta shi da su. Za ki iya samun wata Chitose da aka rubuta da wasu haruffa, ma'anarta daban. A al'adarsu ta gargajiya, ranar bakwai ake rubuta sunan jariri a farar takarda a kafa a bango.

"Ranar bakwai?" in ji Safiatou. "Ashe ku ma kun san hanya. Wa ya zaɓa miki shekara dubu?"

"Kakar uwata. Ita sunanta Sute," in ji Chitose. "Ma'anarsa a yar. Yayyenta duk sun mutu suna jarirai, sai aka sa mata sunan abin da aka zubar, wai don mutuwa ta raina ta ta wuce."

Hannun da ba ya rawa ya tsaya cak.

"Ta rayu?"

"Ta rayu, ta tsufa tukuf. Amma ta ce ba ta taɓa jin an kira ta ba tare da ta tuna an so a yar da ita ba. Da aka haife ni ta ce ita za ta zaɓa, kuma ba za a ƙara ɓoye yaro a bayan shara a gidanta ba."

Safiatou ta zana haruffan tsaf, ta ɗauki hotonsu a wayarta. Da matar ta fita sai ta shiga bayi ta yi kukan da ta daɗe tana bin kanta bashinsa, ta wanke fuska, ta fito ta yi wa wata Balarabiya faɗa a kan ta motsa yatsa.

Allah ya sauke Safiatou lafiya, ta haifi mace. Nafiou ya ce sunan mahaifiyarsa za a sa, Mariya. To, duk Bahaushe ya san inda gizo ke saƙar: ba mai iya kama sunan tsohuwa gatsau a gidan, don haka sai an yi wa yarinya laƙabi, kuma laƙabin shi zai bi ta har tsufa. A nan Hajiya Hannatou ta shigo.

Hajiya Hannatou yayar Nafiou ce, 'yar kasuwa mai tura atamfa da turare gida, kuma ita ce uwa ga duk 'yan Nijar na unguwar. Ba muguwa ba ce, kada a ɗauki alhakinta. Ita ta wanke gawar 'yar Safiatou ta biyu da hannunta. Tsoro ne ya kama ta, shi ya sa ta yanke cewa ranar suna za a sauka da jaririya bayan bene, inda manyan kwandunan shara suke, a ajiye ta a ƙasa na ɗan lokaci, maƙwabciyarsu Murjanatu 'yar Kano ta zo ta tsince ta, a riƙa kiranta Ayashe. Haka ake yi wa 'yar wabi a gida. A gida kuwa akwai juji. A nan sai kwandon ƙarfe mai zafi kamar tanda, da kyamara a sama, da maigadi ɗan Nepal da zai iya kiran 'yan sanda.

Safiatou ta dubi mijinta. Nafiou ya dubi tabarma.

"Yaya ce," in ji shi. "Kin san ba ta nufin sharri."

"Na sani, Malam," ta ce. Ba ta ƙara ba, shi ya fi tsorata shi.

Jajiberin suna da la'asar ta kwaɓa lalle. Ta buɗe hoton nan. Harafin mai zane uku ta yi shi a tafin dama da hannun hagu, tunda ba shi da wuya. Mai cunkoson ta yi shi a tafin hagu da hannun dama. Ta zauna hannuwa a shanye har suka kama jawur.

Washegari maza suka raɗa suna a masallaci, aka kai rago mayanka, tunda a garin nan ba a yanka a ƙofar gida. Mata suka cika ɗaki, ga turaren wuta, ga kunun kanwa. Da hantsi Hajiya Hannatou ta miƙe, ta ɗauki jaririya a zani, ta yi wa Murjanatu ido.

"Yalla, mu je mu dawo kafin rana ta yi zafi."

Kafin ta kai ƙofa, mai jego ta riga ta. Safiatou ta tsaya a bakin ƙofar, ta ɗaga tafukanta biyu.

"Yaya, ba inda za a kai ta."

"Ke Safi, kauce. Minti ɗaya ne, khalas, shi ke nan. Mene ne wannan a hannunki kamar kaza ta yi tono?"

"Sunanta ne. Wannan dubu, wannan shekara. Chitose."

Ɗaki ya ɗauki salati. Wata ta ce sunan 'yan China ne, wata ta ce a bincika kada ya zama sunan gunki. Safiatou ta ce sunan yanka na Musulunci yana nan, Mariya, liman ya raɗa, ba wanda ya taɓa shi. Laƙabi kuwa fata ne, kuma ba ta ga inda aka hana uwa yi wa 'yarta fatan tsawon rai ba, da kowane harshe.

Idon Hajiya Hannatou ya kawo ruwa.

"Biyu kika binne, Safi. Biyu! Ni nan da kike gani an kai ni juji, an tsince ni. Ga ni, har Makka na je. Ƙarya ne?"

"Ba ƙarya ba ne, Yaya. Na kuma san ranar da wani ɗan garinku ya kira ki Ajuji a kasuwar Deira, kika bi shi da takalmi har bakin titi. In sunan na da daɗi, don me kika hana a kira ki da shi?"

Ba wadda ta yi dariya, ko da yake da dama sun san labarin takalmin. Hajiya Hannatou ta dubi fuskar jaririyar ta daɗe. Da ta yi magana, muryarta ta yi ƙasa.

"In ita ma ta tafi fa? Me za ki ce wa kanki?"

Safiatou na jin tsoro, tsoro mai tsanani. Amma ba ta sauke hannu ba.

"In ta tafi, Mai ita ne ya karɓa, ba kwandon shara zai ɓoye ta daga gare Shi ba. Biyu na ba ƙasa ba da son raina ba. Wannan ba zan ajiye ta a ƙasa da hannuna ba. In za ta tafi, ta tafi da sanin uwarta ta roƙa mata shekara dubu. C'est fini, magana ta ƙare."

Murjanatu ta sulale ta koma ta zauna. Hajiya Hannatou ta miƙa jaririya cikin tafukan nan biyu, ta ɗauki jakarta ta fita ba sallama. Ta yi wata da watanni ba ta taka gidan ba, amma kullum sai ta kira Nafiou ta tambayi ko yarinya na shan nono.

Yanzu yarinyar na yawo a shago tana kifar da kwanon lalle. Hajiya Hannatou ta dawo, sai dai har yau ta rantse bakinta ba zai kama sunan Japan ba. Dubu take ce mata, yarinyar kuma tana amsawa. Chitose babba takan leƙo da alewa ta ga takwararta.

Tsoron bai bar Safiatou ba. In jikin yarinya ya yi ɗumi, sai ta kwana a zaune tana taɓa goshinta. Lalle kuma ba ya dawwama a fata, da ya soma kwaɗewa sai ta sake kwaɓawa ta maimaita haruffan a tafukanta. Kwanan baya wata mai zuwa kwalliya ta ce mata ai yarinya ta shekara biyu, ta wuce inda ake tsoro, yaushe za ta bar wannan zane?

"Da sauran shekara ɗari tara da casa'in da takwas," in ji Safiatou. "Ke kuma daina motsa hannu."